Hannun da Baba Zoran Ya Miƙo Mini

Jami'in da ke duba fasfo a filin jirgin ya juya takardar gayyatata gaba da baya, ya kalle ni, ya sake kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko a Afirka ma ana buga ces. Na ce ana bugawa. Ya ce in koma gefe in jira.

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Tana dai gabashin Turai, kuma akwai wata mata mai gidan burodi a cikinta da ba na so baƙar maganar da zan yi ta shafe ta.

Sunana Nafi'u, mutumin Kahu ne ta ƙasar Kibiya, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Rano. Ces, wato darar Turawa, a hannun wani ɗan bautar ƙasa na koye ta tun ina ɗalibi. Ya gama shekararsa ya tafi, ya bar mini allon da 'ya'yan darar, ya kuma bar mini ciwon da bai warke ba. Daga nan sai Kano, sai Kaduna, sai Legas, duk inda na ji ana gasa. Kowane ɗan gasa yana da maki a wurin hukumar wasan ta duniya. In ka ci ya ƙaru, in aka ci ka ya ragu, wanda kuma makinsa ya taɓa dubu biyu da ɗari uku sai a ba shi lambar Masta, ba a ƙwace ta har ya koma ga Allah. Na yi shekaru a bakin wannan ƙofa, in matsa in dawo baya, saboda a gida gasar ba ta da yawa, masu babban makin da za ka ci ka ɗaga kuwa ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa na nemi fita waje.

Mahaifina, Malam, a zauren gidanmu yake ba magidanta karatun littattafai bayan la'asar. Bai taɓa kiran wasan da ces ba. Shaɗaranji yake cewa, yadda ya gani a littattafan fiƙihu, kuma yana faɗar kalmar kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Idonsa ya fara rauni, ya daɗe yana so in karɓe shi a zauren. Da na je neman albarkar tafiya, sai ya sa aka kira ƙanensa Baffa Idi ya zama shaida.

"Nafi'u," in ji shi, "wannan ce tafiya ta ƙarshe da zan sa wa albarka a kan 'yan itatuwan nan. In ka dawo da lambar da kake faɗa, na sakar maka mara. In ba ka dawo da ita ba, ka naɗe wasan nan har abada, ka zo ka zauna a zaure. Ka yarda?"

Na ce na yarda. A lokacin ina ganin lambar kamar tana aljihuna.

To, ga ni a gefe a filin jirgin mutane. Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki aka zazzage jakata. Suka sansana yajina suka yi atishawa, suka ɗauke kilishin da na yo guzuri wai doka ta hana. Babbansu ya zube 'ya'yan darar a kan tebur ya ce in jera in da gaske nake. Na jera. Ya ja kujera ya ce mu buga, yaransa suka kewaye mu suna dariya. Bai iya komai ba, bawan Allah. Na ga zan gama da shi nan take, sai na ja wasan da gangan don kada ya ji kunya a gaban na ƙasa da shi. Da na ci shi a ƙarshe ya buga mini hatimi. Kilishin dai bai dawo ba.

Mai shirya gasar ya rubuto mini cewa mota za ta jira ni. Babu mota, wayarsa kuma a kashe. Wani direban tasi ya ga baƙo, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa, ya yi ta yawo da ni a birnin kamar mai tallan gari, ya sauke ni a wata tashar bas da ba ita ce ta garin da ake gasar ba. Da ƙafa na nemo ta gaskiyar, ina jan jaka ina nuna wa mutane sunan garin a takarda. Wasu su nuna hanya da baki, wasu su ƙara riƙe jakunkunansu.

Bas ɗin ta cika har wasu na tsaye, amma kujerar da ke kusa da ni babu wanda ya zauna a kanta. Wata tsohuwa ta gwammace ta riƙe ƙarfe tana tangaɗi. Na tashi na ba ta tawa kujerar ma, ta kau da kai. Na koma na zauna ina kallon gonakin masarar da aka girbe, ina tambayar kaina ko wari nake yi.

Garin ƙarami ne a bakin kogi, tsofaffi ke zuwa wanka a ruwan ɗuminsa saboda ciwon gaɓoɓi. A masaukin aka ce ɗakin da aka yi mini alkawari an ba wani, aka kai ni can ƙasa kusa da inda ake wankin zannuwa, ɗaki babu taga. Da na samu mai shirya gasar, wani ƙaton mutum mai gumi ko a sanyi, ya dafa kafaɗata ya nuna mini bangon zauren wasa inda aka rataye tutoci.

"Ka ga taku can? Ta yi kyau ƙwarai. Bana muna da Afirka."

Nan na gane tutar suka gayyato, ni rakiya na yi mata.

Abinci ya zame mini wani yaƙin. Alade a miya, alade a wake, har a cikin burodi sai ka tsinci ɗan jan nama yana leƙenka. Matar gidan burodin da ke kan kwana ce ta cece ni. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ranar farko na nuna naman na girgiza kai na ɗora hannu a ƙirji, sai ta shiga ciki ta fito da mai cuku. Washegari ta nuna mini wani faranti sabo da ta ware, ta yi alamar a kansa kaɗai take gasa nawa. Da ta ga ina rawar sanyi a cikin 'yar rigata ta Kantin Kwari, ta kawo mini wata riga mai kauri, ta nuna hoton wani mutum a bango ta nuna sama. Na gane ta mijinta ce da ya rasu.

Lokacin kaka ne a gida. Ina kwance a ɗakin da ban san rana ta fito ko ta faɗi ba sai na duba waya, in riƙa ganin mutanenmu a gona ana cirar gyaɗa, ana yankan dawa, Inna ta dafo sabuwar gyaɗa da gishiri ta aiko zaure. Kewa ta kama ni irin wadda ban taɓa sani ba, har duwatsun Rano da nake wucewa kullum ban ɗaga kai ba na yi marmarin gani. In na kira gida Malam tambaya ɗaya yake yi, ko ina samun salla a kan lokaci. Bai taɓa tambayar wasan ba.

A rana ta biyu ta gasar na haɗu da Baba Zoran. Na gama cin wani saurayi ina tattara kayana, sai na ji an yi mini sallama, cikakkiyar sallama irin tamu. Na ɗaga kai na ga wani tsoho siriri, kansa fari fat, kwat ɗinsa ta koɗe a gwiwar hannu, yana warin taba. Ba Musulmi ba ne, ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aikin gini a Libiya, can ya koya. Tsohon Masta ne, makinsa ya ɗan fi nawa, ko da yake shekaru sun fara zaizaye shi. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya miƙo mini hannu ba don dokar wasa ta tilasta shi ba. Na miƙe na rusuna na karɓa da hannu biyu.

Ya yi dariya. "Me ya sa kake yin haka?"

Na ce, "A wurinmu in babba ya miƙo hannu ba a karɓa a zaune, ba a karɓa da hannu ɗaya, ba a kuma zuba masa ido."

"Ko da ba ka san shi ba?"

"Furfurarsa ta isa."

"To in babban ya faɗi abin da ba haka yake ba fa?"

"Ba a ce masa ya yi ƙarya. Sai dai a ce wataƙila an manta."

Ya jinjina kai ya ce ƙasarmu tana da kyau, shi 'ya'yansa ko waya ba sa yi masa. Na ji tausayinsa har zuciyata. Da bakina na karanta masa kaina tun daga bango har bango, ina jin daɗi wai ina nuna wa Bature tarbiyyar Hausa.

Daga ranar na koma kiransa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana. Ba zan zalunce shi ba, ya yi mini alheri. Shi ya je ya yi wa masu masaukin faɗa da yarensu har suka mai da ni ɗaki mai taga. Shi yake nuna mini miyar da babu alade. Kullum bayan wasa mukan zauna ya duba wasannina, ya nuna mini inda na yi gaggawa, kuma abin da na koya a wurinsa a 'yan kwanakin nan ban koye shi a shekaru ba. Ni kuma ina yi masa abin da yaro ke yi wa babba. In ɗaukar masa jaka, in jera masa dara, in kawo shayi, in tattara kaya in mun gama. Ko kofi ya miƙa hannu zai ɗauka sai na riga shi. Na ba shi labarin Kahu, da zauren Malam, da alkawarin da na ɗauka. Har yau ban sani ba ko tun lokacin yake lissafinsa, ko kuwa sai da ya ga kansa a rami dabarar ta zo masa. Na fi son in yarda da na biyun, amma ba ni da hujja.

Gasar ta tafi mini daidai gwargwado. Na ci, an ci ni sau ɗaya, na yi canjaras da wani babban gwani har mutane suka fara gaishe ni a hanya. Da aka zo zagayen ƙarshe lissafi ya fito fili. In na ci, makina ya haye, na zama Masta. Canjaras ba zai kai ni ba. Aka liƙa sunayen waɗanda za su kara, na duba, sai ga sunana kusa da na Baba Zoran. Shi ma yana bukatar ci, don akwai kyautar da aka ware wa tsofaffi, kuma ya taɓa gaya mini da irin waɗannan kyaututtukan yake sayen itacen hunturu.

Da safe na same shi yana shan shayi, na gaishe shi ina sunkuyar da kai. Shi ya sauƙaƙa mini.

"Ɗana, a kan allo babu uba babu ɗa. Ka buga da dukkan ƙarfinka. In ka raga mini na ji haushi."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ɗauki jakarsa muka tafi tare.

Zauren wasan ɗakin motsa jiki ne na wata makaranta, daɓen katako, tebura a jere, ba ka jin komai sai tari da ƙarar danna agogo. Kowane tebur yana da agogo mai fuska biyu, in ka yi tafiyarka ka danna, lokacin abokin karawarka ya fara ci. Shi ke da fararen 'ya'yan dara, ni baƙaƙe. Ya buɗe wasan a hankali irin na tsofaffin manoma, ba gaggawa, kunya bayan kunya. Ya toshe tsakiya, ya fara turo sojojinsa ta ɓangaren sarauniya yana matse ni kaɗan-kaɗan. Na san in na tsaya tsaron gida zai shaƙe ni kafin azahar, don haka na bar masa wancan ɓangaren ya ci abin da zai ci, na kwashe dokina da hasumiyoyina biyu na tara su a ƙofar sarkinsa. Ya cinye mini soja ɗaya, ya ƙara na biyu. Yana tsotsar alewar na'ana'a, yana buga yatsa a gefen tebur.

Sai na hango ta. In na ba da sarauniyata, wadda ta fi duk 'ya'yan darar ƙarfi, a kan sojan da ke gaban sarkinsa, dole ya ci, in ya ci kuwa ƙofa ta buɗe, hasumiyoyin nan biyu da doki za su kora sarkin har lungu, babu inda zai tsaya. Tafiyar tana da tsawo, ba irin wadda mai wucewa zai gani ba ce. Na bi ta a kaina na sake bi, na nemi inda zai kuɓuce ban samu ba. Na yi bisimilla a zuci na ɗauki sarauniyar na ajiye ta a bakin kura.

Ya cinye ta da sauri har da ɗan murmushi. Na matsa hasumiya ta farko. Murmushin ya bushe a fuskarsa, yatsan ya daina buga tebur. Ya dafe kai da hannu biyu ya shiga tunani, agogonsa na ci. 'Yan kallo suka riƙa zuwa suna leƙawa, su ga baƙi ba shi da sarauniya ba shi da sojoji biyu, su taɓe baki su wuce. Duk mai ƙirga 'ya'ya zai ce na mutu. A zauren nan kaf mutum biyu ne suka san gaskiya, ni da shi. Na riƙa ganin kaina a zauren Malam ina ajiye masa lambar a gabansa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya kalle ni, ya waiga ya dubi zauren. Alƙalin wasa yana can ƙarshe a kan wasu da lokacinsu ya kusa ƙarewa. Baba Zoran ya zuro hannunsa ta gefen allon, ƙasa-ƙasa, ko tashi daga kan tebur bai yi sosai ba. Bai ce komai ba.

A ƙa'idar wasan, wanda ya ga an ci shi shi ke tsayar da agogo ya miƙa hannu, alamar ya sallama. Na ga hannu, na ce ya sallama. Kafin kaina ya yi wani tunani jikina ya riga ya yi abin da ya saba. Na miƙe tsaye, na rusuna, na kama hannun da hannuwana biyu, kaina a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, tsoho da itacen hunturunsa, na ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Sai na lura agogo yana ci har yanzu, kuma tun da na san shi ban taɓa barinsa ya yi ƙaramin aiki ina wurin ba. Na miƙa hannu na tsayar da agogon. Sabo turken wawa.

"Na gode," in ji shi da ƙarfi, yadda teburan kusa za su ji. "Ka yi ƙoƙari, saurayi."

Ya sa hannu ya tattaro 'ya'yan darar tsakiyar allo, ya rubuta a takardarsa cewa fari ya ci, ya ɗaga hannu yana kiran alƙali. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi kamar dolo, don ban fahimci abin da ke faruwa ba sai da alƙalin ya zo ya ce in sa hannu an ci ni.

Na ce ni na ci. Baba Zoran ya buɗe ido kamar wanda aka mara, ya yi magana mai tsawo da yarensu yana nuna ni yana nuna agogo. Aka fitar da mu baranda don kada mu dami masu wasa. Alƙalin, wani mai gilashi da bai kai ni shekaru ba, ya kira mutum biyu na teburin kusa. Suka faɗi abin da suka gani, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun ga baƙon ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya tsayar da agogo. Hannun da ya zuro ta gefen allo babu wanda ya gani.

"Wa ya tsayar da agogo?" in ji alƙalin.

"Ni ne."

"Ya ce maka ya sallama?"

"Bai yi magana ba. Amma ku mai da 'ya'yan yadda suke, zan nuna muku na ci."

"Doka ba ta hana mutum sallamawa a wasan da yake da nasara ba. Da yawa sun yi, ba su ga abin da ke gabansu ba sai daga baya. Kai ba ka da sarauniya." Ya gyara gilashinsa. "Mutumin nan tun kafin a haife ni yake wasa a ƙasar nan. Kana cewa ƙarya yake yi? Ga shi nan, kalle shi ka faɗa."

Na ɗaga ido. Na kai haɓarsa, na kai bakinsa, na hango farin gashin nan, sai idona ya dawo ƙasa da kansa. Kalmar tana maƙogwarona, na san ta da Turanci na san ta da Hausa, ta ƙi fita. Wallahi na yi ƙoƙari. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wataƙila Baba ya manta cewa shi ya fara miƙo hannu."

"Wataƙila," in ji alƙalin, ya rubuta abin da zai rubuta.

Na ƙi sa hannu, ya ce ba dole sai na sa ba. Na ɗaukaka ƙara, aka tara kwamitin mutum uku waɗanda kullum tare nake ganinsu suna shan taba da Baba Zoran a bakin ƙofa. Ba su ko zauna ba.

Na fita na nufi bakin kogi, na zauna a kan wani benci na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na yi Allah ya isa da Hausa da ƙarfi, wasu tsofaffi masu yawo da kare suka canza hanya. Haushin tsohon bai kai haushin kaina ba. Ga ni ƙato da gemu, malamin makaranta, na hango tafiyar da Masta bai hango ba, amma an ɗaure ni da igiyar da na murza da hannuna na miƙa.

Da yamma aka yi rabon kyaututtuka. Na je ne kawai don a nan za a ba mu takardar motar komawa. Aka kira shi ya karɓi kyautar tsofaffi, aka tafa. Yana saukowa ya nufo ni kai tsaye, ko kunya babu.

"Ɗana, sarauniyar nan da ka bayar, na daɗe ban ga abu mai kyau irinta ba. Da gaske nake."

"Baba, na gaya maka alkawarin da na yi wa mahaifina."

"Ka gaya mini. Kai kana da sauran shekaru, ni hunturu ne a gabana." Ya ɗaga kafaɗa. "Ka ce masa ka samu mana. A ƙauyenku wa zai bincika?"

Sai ya miƙo mini hannu, a gaban jama'a, a sarari wannan karon. Na so in bar shi a rataye. Na so in tofa masa yawu. Na karɓa. Da hannu ɗaya dai na karɓa, ban kuma rusuna ba, iyakar ramuwar da na iya ke nan, kuma ban ga alamar ya lura ba.

Da safe na biya gidan burodi in mayar da rigar. Matar ta dubi fuskata, ba ta tambayi komai ba, ta tura mini rigar ta ƙi karɓa, ta naɗe mini burodi mai cuku a takarda. A bas na ci shi, kujerar kusa da ni babu kowa kamar yadda na zo.

A jirgi daga Santambul, inda muka ya da zango, zuwa Kano maganar tsohon tana yi mini yawo a ka. Gaskiya ya faɗa, babu mai bincikawa a Kahu. Amma na san ba zan iya zama gaban Malam in shirya masa ƙarya ba. Abin da na sa rai a kai daban ne. Na ce zan ba shi labarin tiryan-tiryan, shi malamin fiƙihu ne, ya san hukuncin wanda aka zalunta, zai ce a wurin Allah na ci, ya ƙara mini ko da tafiya ɗaya. Da wannan na shiga motar Rano, da shi na hau acaɓa zuwa gida.

Na iso bayan la'asar, magidanta sun fara taruwa a zaure, Baffa Idi yana nan. Aka yi gaishe-gaishe, aka kawo ruwa. Na durƙusa gaban Malam na ba da labarin tun daga sallamar tsohon har hannun ƙarshe, ban rage komai ba. Baffa ne ya fara magana.

"Yaya, yaron nan fa ya ci. Zalunci aka yi masa ƙiri-ƙiri. A duba lamarin nan."

Malam ya juyo da fuskarsa wajena yana ƙanƙance ido don ya gan ni sosai.

"Mutumin nan ya girme ka?"

"Zai yi sa'anka, Malam."

"Da ya miƙo hannu, ka tashi ka karɓa da hannu biyu?"

"Na tashi."

"Da aka ce ka ƙaryata shi a gaban mutane, ka ƙaryata shi?"

"Ban iya ba."

Fuskarsa ta washe. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskar Malam tun ranar da na sauke Alƙur'ani. Ya dubi magidantan ɗaya bayan ɗaya, kamar yana so kowa ya shaida.

"Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Har ƙasar Turawa. Ashe wahalata ba ta tafi a banza ba." Ya yi ta sa mini albarka, suna amsawa da amin. Sannan ya ce, "Lambar fa?"

"Babu, Malam."

"To."

Ya matsa gefe a kan buzunsa ya bar wuri, ya ɗauko littafin da ke gabansa ya miƙo mini.

"A babin tsarki muka tsaya," in ji Malam. "Ɗora daga nan."

Na hau buzun na zauna na buɗe littafin. Sai da Baffa ya matso ya nuna mini layin da yatsa, don ban ga komai a shafin ba.